Daga Madannai Zuwa Gilashi: Abin da Wayar Shafa Ta Ƙara da Abin da Ta Rage

A shekarar 2007 wayoyi biyu suka fito kasuwa, kuma duk wanda ya jera kayan cikinsu a takarda zai ce ta Nokia ce a gaba. Nokia N95 tana da kyamara mai megafiksel 5, tana ɗaukar bidiyo, tana da GPS, tana hawa 3G, ana kuma loda mata manhajoji daga waje. Ita kuwa iPhone ta farko, wadda Steve Jobs ya nuna ranar 9 ga Janairu aka fara sayar da ita a Amurka ranar 29 ga Yuni, kyamararta megafiksel 2 ce, ba bidiyo, ba 3G, ba GPS. Ko kwafar rubutu daga nan a manna can ba a iya yi da ita ba sai 2009. Amma a 2014 Nokia ta miƙa wa Microsoft sashenta na wayoyi, yau kuma kusan duk babbar wayar da ke hannun mutane zubin waccan mai ƙarancin kaya gare ta.

Ashe ba yawan kaya ne ya raba gardamar ba. Madannai ne suka tashi daga roba da ƙarfe suka koma zane a jikin gilashi, zanen da manhaja ke iya sauyawa duk sanda ta ga dama: yanzu allon rubutu, an jima taswira, an jima maɓallin kyamara. Duk ribar wayar shafa daga nan ta fito, duk ciwon kanta ma daga nan ne.

Yadda madanni ke aiki, da yadda gilashi ke jin yatsa

A ƙaramar waya, ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan ƙarfe mai doro da ke zaune a kan zobba biyu a jikin allon injin. In ka danna, doron ya lotsa ya haɗa zobban, wuta ta wuce, wayar ta gane lambar. Wannan lotsawar ita ce "ƙas" ɗin da yatsa ke ji. In datti ko tsatsa ya shiga tsakani, madanni ɗaya ne zai mutu, sauran su ci gaba da aiki, mai gyara kuma ya ɗaga takardar doron ya goge wurin da sifirit ya mayar. Gyaran ke nan.

Gilashin taɓawa ya girmi iPhone nesa ba kusa ba. IBM Simon ta fito da shi tun 1994, waya mai nauyin kusan rabin kilo da batirinta ke yin kamar awa ɗaya. Sai dai irin na da, wanda aka ci gaba da sawa har a Nokia 5800 ta 2008, nauyin dannawa yake ji. Shimfiɗa biyu ce masu ɗaukar wuta, ta sama roba mai lanƙwasuwa, ta ƙasa gilashi, an raba su da 'yan ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani sosai. Ka danna, ta sama ta taɓa ta ƙasa, wayar ta auna ƙarfin wutar ta gane inda aka taɓa. Amfaninsa shi ne ba ya zaɓe: farce, tsinke, murfin biro, hannu cikin safa, duk yana ji. Illarsa kuwa wuri ɗaya kawai yake ganewa a lokaci guda, robar saman tana karcewa tana dishe hasken sikirin, kuma da ya kwana biyu saitinsa yake gocewa, ka danna nan ya amsa can, sai an sake saita shi da ɗan tsinken roban da ke zuwa da wayar ta hanyar taɓa alamomin da ke kusurwoyi.

Na yanzu ba ruwansa da nauyi, lantarki yake ji. Asalin fasahar daga Ingila ne, inda E.A. Johnson ya bayyana ta a 1965 don aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama, LG Prada da iPhone kuma suka shigo da ita wayoyi a 2007. Ƙarƙashin gilashin an shimfiɗa layukan wani sinadari mai ɗaukar wuta wanda haske ke ratsawa, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar zaren saƙa. A kowace mahaɗa akwai ɗan caji kaɗan. Jikin mutum yana ɗaukar wuta, don haka da yatsa ya kusanto sai ya janye wani abu daga cajin mahaɗun da ke kusa da shi. Akwai ɗan guntun inji da aikinsa kawai ya riƙa bin mahaɗun nan yana aunawa, sau 120 ko 240 a daƙiƙa guda a wayoyi da yawa, yana lissafa tsakiyar inda cajin ya ragu. Da yake kowace mahaɗa ana auna ta ita kaɗai, yatsu biyu ko biyar ba sa rikita shi. Abin da ya sa ake iya buɗa hoto da yatsa biyu ke nan, kuma shi ya ba da damar a yi fuskar da gilashi mai tauri tunda ba a bukatar ta lanƙwasa.

Wanda ya fahimci wannan ya gane rabin matsalolin da ake kai wa masu gyara. Ɗigon ruwa ko gumi yana ɗaukar wuta, sai wayar ta ɗauka yatsa ne, ta yi ta buɗe abubuwa da kanta. Yatsan da ya bushe ƙayau lokacin hunturu, ko mai kanta irin na manomi da birkila, ba ya janye caji sosai, sai a ga waya tana ƙin amsa wa mutum alhali lafiyarta ƙalau. Ɗan laima a yatsa ko ƙara ƙarfin jin taɓawa a saiti yakan wadatar. Caja marar kyau tana turo wuta mai hargitsi da ke dagula awon, shi ya sa wata wayar take haukacewa in tana caji. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar, in haukan ya tsaya, cajar ce ko igiyarta, ba sikirin ba. Akwai kuma batirin da ya kumbura yana turo sikirin daga ciki. Wannan kam ba abin jira ba ne, a cire shi.

Akwai matsalar da ƙaramar waya ba ta taɓa sani ba: kunci ma yana ɗaukar wuta. Dole aka sa wa wayar shafa wani ɗan ido kusa da lasifikar kunne, wanda ke kashe sikirin da zarar ka kai ta fuska. In gilashin kariyar da ake manna wa fuskar waya ya rufe idon, ko ƙura ta taru a kansa, sai sikirin ya ƙi dawowa bayan kira, ko kuma kunnenka ya riƙa katse maka magana.

In ya fashe

Fuskar wayar shafa hawa-hawa ce: gilashin waje, sai shimfiɗar jin taɓawa, sai gam mai haske, sai ainihin sikirin, LCD mai fitila a baya ko OLED wanda kowane ɗigonsa ke ba da haskensa. A yawancin wayoyin yanzu an narkar da su wuri guda, wasu ma an saka layukan taɓawar a cikin sikirin ɗin kansa. Wannan ya sa waya ta yi siriri, hoto ya yi rau, amma ya mai da fuskar abu ɗaya mai tsada wanda shi ne idon wayar, shi ne kuma hannunta. Nokia 3310 in ta faɗi, murfi ya yi nan, batir ya yi can, ƙarfin faɗuwar ya tafi da su, ka tattara ka haɗa. Sikirinta ƙarami ne, yana can ciki bayan roba. Wayar shafa kuwa kusan duk gabanta gilashi ne, kuma faɗuwa ta kusurwa ita ta fi fasa shi, domin nauyin duka a ɗan wuri yake taruwa.

Kafin a biya kuɗi, a tantance abin da ya lalace. In gilashi ya tsage amma hoto na nan garau kuma ko'ina na amsawa, gilashin waje ne kawai; masu injin raba gilashi, irin waɗanda ake samu a manyan kasuwannin waya kamar Farm Centre a Kano, suna ɗumama fuskar su ratsa gam ɗin da siririn zaren ƙarfe su manna sabo, kuma ya fi arha, ko da yake akwai kasadar sikirin ya mutu a wurin aikin. In akwai baƙin tabo mai yaɗuwa ko layuka masu launi, sikirin ne, sai an canja gaba ɗaya. In hoto lafiya amma wani yanki ba ya amsawa, layin taɓawa ne ya yanke ko igiyar da ke haɗa shi da inji ta saki. Hanyar gano mataccen yanki: danne alamar wata manhaja ka ja ta a hankali ko'ina a fuskar, inda ta kuɓuce nan ne. A wayoyin Samsung da yawa, danna *#0*# yana buɗe shafin gwaji.

Wanda taɓawarsa ta mutu ɗungurungum alhali sikirin na nuna hoto, kada ya yanke ƙauna da abin da ke ciki. Yawancin wayoyin Android suna karɓar linzamin kwamfuta ta ɗan mahaɗin OTG. Ka jona, kibiya ta fito, ka buɗe makulli ka kwashe hotuna da lambobi kafin a kai gyara. Wajen canji kuma a tambayi irin sikirin da za a sa. Waya mai OLED in aka sa mata kwafin LCD don sauƙin kuɗi, launi zai dishe, batir zai fi saurin ƙarewa, kuma in na'urar karanta zanen yatsa a ƙarƙashin gilashi take, ta daina aiki ke nan. A gwada sabon sikirin kafin a sa gam, ba bayan an manne ba.

Batir: ba na da ne ya fi ƙarfi ba

Ana yawan cewa batiran da sun fi na yanzu inganci. Lissafi bai nuna haka ba. Batirin 3310 mAh 900 ne (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), na babbar waya ta yau kuwa 5,000 ya zama ruwan dare, wato in aka auna wutar da ke ciki ya ninka wancan kusan sau shida. Bambancin a wajen ci yake. Sikirin 3310 ɗigo 84 ne a kwance 48 a tsaye, jimla 4,032, baƙi da fari, fitilarsa tana mutuwa bayan 'yan daƙiƙu. Sikiri mai 1080 da 2400 ɗigo 2,592,000 gare shi, ya ninka wancan fiye da sau 600, ana sabunta hotonsa sau 60 zuwa 120 a daƙiƙa, kuma mai shi awa nawa yake yi yana kallonsa. Ƙaramar waya in ba kira ake ba barci take yi, tana ɗan leƙa turken sadarwa jifa-jifa, shi ya sa Nokia ta ce 3310 za ta iya kai awa 260 a ajiye. Babbar waya ko tana aljihu manhajoji suna ta magana da intanet, GPS na neman wuri, in sabis ya yi rauni kuma ta ƙara ƙarfi wajen neman turke, batir ya yi ta zuba.

Inda aka yi asara ta gaske shi ne cirewa. BL-5C, batirin Nokia 1100 da tarin wayoyin da suka biyo ta, da farce ake ɓalle shi, a kai shagon caji shi kaɗai, a sa wani a ci gaba da harka. Na yanzu a manne yake da gam, sai an ɗumama bayan wayar an buɗe, kuma in aka huda shi wajen ɓanɓarowa yana iya kama wuta. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta tilasta sauƙaƙa canjin batir daga 2027, kamar yadda ta tilasta bakin caji na USB-C daga ƙarshen 2024.

Batirin litiyom yana tsufa da yawan caji: Apple ta daɗe tana cewa nata zai riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Zafi ya fi komai gaggauta masa, kuma kamfanin ya sa digiri 35 a matsayin iyakar zafin da ya dace a yi aiki da wayar, abin da watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai ke wucewa ba tare da wahala ba. Caji a ƙarƙashin matashi, ko a gaban mota cikin rana, ko ana caji ana kallon bidiyo, su ke kumbura batir. Maganar a yi wa sabuwar waya cajin awa takwas, ko a bari sai ta mutu kafin a jona, gadon batiran nikel ne na da. Litiyom ya fi son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80.

Rubutu, inda Bahaushe ya fi cin riba

Rubuta "sannu" a madannai goma sha biyu dannawa 11 ne: 7 sau huɗu, 2 sau ɗaya, 6 sau biyu, a ɗan dakata, 6 sau biyu kuma, sai 8 sau biyu. An ƙirƙiro T9 don ya riƙa cankar kalma da dannawa ɗaya-ɗaya, amma ƙamus ɗinsa a yawancin wayoyi na Turanci ne, mai rubuta Hausa sai ya kashe shi. BlackBerry ta kawo cikakken allon haruffa, wanda har yau wasu ke cewa ba a yi kamarsa ba, sai dai ya cinye kusan rabin fuskar wayar, kuma haruffan da aka buga a jikinsa su ne ke nan har abada.

Allon da aka zana a gilashi ba shi da wannan iyaka. Gboard, allon rubutu na Google, yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, ana kuma juya shi zuwa haruffan Larabci nan take. Sai dai a kula da wani tarko a saƙon tes. Tes guda harafi 160 yake ɗauka muddin haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada, kuma masu ƙugiya ba sa ciki. Ka sa ƙ guda ɗaya, wayar ta juya duk saƙon zuwa tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in ya wuce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa ta 67. Saƙo mai harafi 150 da za a caje ka kuɗin ɗaya ya koma uku. A WhatsApp babu wannan. Sannan ga saƙon murya, wanda ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofar da tes bai taɓa buɗe masa ba.

Abin da aka rasa shi ne aiki ba tare da ido ba. Ɗan tudun da ke kan lamba 5 an yi shi ne don yatsa ya san inda yake a duhu. Makaho, ko dattijon da ganinsa ya yi rauni, yana iya haddace madannai ya kira wanda yake so, ya amsa da kore ya kashe da ja. Gilashi sumul yake, ba alama. VoiceOver da Apple ta sa a 2009 da TalkBack na Android suna karanto abin da yatsa ya taɓa, kuma masu amfani da su suna yin abin mamaki, amma sai an zauna an koya.

Wace ce ta fi daɗewa?

Nokia 1100 ta 2003, wadda aka sayar da fiye da miliyan 250, manhajarta a rufe take: yadda ta fito daga masana'anta haka za ta mutu. Ba a ƙara mata komai, ba kuma abin da zai yi mata nauyi daga baya. Wayar shafa kuwa tun da aka buɗe App Store a Yulin 2008, Android ta biyo baya da HTC Dream a ƙarshen shekarar, ta zama kwamfuta mai jiran sabuntawa. Manhajoji suna ƙara girma kowace shekara, ma'ajiya na cika, waya mai RAM gigabait 2 da ke gudu jiya ta fara rarrafe. Sau da yawa jikinta lafiya lau, manhajar banki ce za ta ce tsarin ya tsufa ba za ta buɗe ba. Google da Samsung sun yi alkawarin sabuntawa na shekara 7 ga manyan wayoyinsu daga Pixel 8 da Galaxy S24, amma masu araha, waɗanda su ne a hannun yawancin mutane, ba sa samun ko kusa da haka. Wannan tambaya ta fi ta megafiksel muhimmanci wajen saye, kuma ba kasafai ake yin ta ba.

Ta fuskar tsaro kowacce da inda take yoyo. Lambar sirrin Nokia ta asali 12345 ce, mutane da yawa ba su taɓa canja ta ba, amma kuma ɓarawo ba abin da zai samu a ciki sai lambobi da 'yan saƙonni. Babbar waya tana da zanen yatsa, ana ɓoye bayananta, tun daga iOS 7 da Android 5.1 kuma ko an goge ta sai ta nemi asusun mai ita. Wannan ya rage wa sata riba, ya kuma jefa waɗanda suka manta imel ɗin da wani ya buɗe musu a shago cikin wahala. A ɗaya ɓangaren, manhajar bashi ko ta bogi da ka ba izini tana iya kwashe lambobinka da saƙonninka, abin da rakani-kashi ba ta ma da ƙofar da zai shigo. Amma kada a ɗauka ƙaramar waya ta tsira: layin da ke cikinta shi ne mabuɗin asusun banki ta USSD, kuma duk wanda ya zare shi ya sa a wata wayar ya samu shiga muddin ba a sa wa sim ɗin lambar PIN ba. A sa, amma a adana lambar PUK, wadda ke buɗe layi in ya kulle, domin kuskure uku yana kulle layin.

Shi ya sa riƙe waya biyu, babba don intanet da ƙarama don kira da alat, tsari ne mai ma'ana a inda wuta ba ta da tabbas, kuma kamfanoni irin su itel da Tecno har yanzu suna ƙera masu madannai saboda kasuwarsu na nan. Abin da zai kawo ƙarshen tsofaffin ba lalacewa ba ne, sabis ne. Yawancinsu 2G kaɗai suka sani, irin tsarin da MTN da Econet suka fara da shi a Najeriya a 2001, kuma wasu ƙasashen sun riga sun kashe shi: Singafo a 2017, kamfanin AT&T na Amurka ma a farkon 2017 ɗin. A can 3310 ta asali ko batirinta cike yake ba za ta ga layi ba. WhatsApp ma ya janye daga wayoyin Nokia masu tsarin S40 tun ƙarshen 2018. Mai son sayen ƙaramar waya da niyyar ta yi masa shekaru, ko zai tafi da ita wata ƙasa, ya duba kwalin ya tabbatar tana da 4G, kuma tana iya kira ta kansa, abin da ake rubutawa VoLTE, sannan ya tambaya ko layinsa yana ba da wannan sabis ɗin a irin wayar.